Mudun Kalwa na Ƙarshe

Akwai wata mata a wani gari wadda Allah ya ba ta hannun girki. Sunan ɗanta na fari Ishaya, saboda haka kowa Maman Ishaya yake ce mata. Wasu suna girki ne don ya zama dole, ita kuwa don daɗi take yi. In ta gama aikin gida ba ta fita hira. Sai ta zagaya bayan ɗaki, inda ta shuka yakuwa da alayyafo da ɗan tattasai a cikin tsofaffin bokitai, ta tsinko, ta dawo madafa tana waƙa tana gwada wata sabuwar miya. Madafarta kuwa, jama'a, kana iya shimfiɗa tabarma ka kwanta a ciki. Tukwane suna ƙyalli, ludayi yana wurinsa, muciya tana wurinta. In ana biki a ikilisiya, ita ake damƙa wa babbar tukunya, sauran mata su tsaya suna tambayarta gishiri ya ji ko bai ji ba.

Abubuwan da ke ɓata mata rai ƙanana ne. Akuyar maƙwabta ta tsallako ta ci mata alayyafo, ko itace ya jiƙe ya ƙi kamawa, ko mijinta ya lallaɓo ya tsoma cokali a miya tun ba a sauke ba. Ta yi tsaki, ta yi 'yan faɗace-faɗacenta, kafin a jima ta manta. Ba ta taɓa gamuwa da wani girki da ya gagare ta ba, ita ma kuma ta san da haka.

Ana nan sai uwar mijinta ta kamu da rashin lafiya a ƙauye, aka kawo ta gari. Tsohuwar nan tana ƙaunar Maman Ishaya, ita ma tana ƙaunarta kamar uwar da ta haife ta. Aka yi magani, zazzaɓi ya sauka, amma cin abinci ya ƙi dawowa. Likita ya ce cutar ta tafi, abin da ya rage shi ne ta ci, in ba haka ba jikin ba zai ɗauke ta ba. Maman Ishaya ta ɗaura zane, ta ce wannan ai aikinta ne. Ta yi faten doya, ta yi farfesun kaza, ta yi dambu, ta dama kunun gyaɗa. Tsohuwa takan kai loma ɗaya baki, ta ture kwano, ta ce, “Allah ya yi miki albarka, 'yata. Na ƙoshi.” Kullum tana ƙara ramewa, har muryarta ta koma sai ka kai kunne kusa kafin ka ji.

Wata rana Maman Ishaya ta durƙusa a bakin gado ta ce, “Mama, don Allah me ranki yake so?”

Tsohuwa ta ce, “Miyan kuka da daddawar kalwa, irin ta gida.”

Aka je kasuwa aka sayo daddawa. Tsohuwa ta shinshina, ta kau da kai, ta ce wannan ta waken suya ce. Gaskiyarta kuwa, a kasuwar garin nan ba a samun ta kalwa. Sai mijin Maman Ishaya ya aika ƙauye, ƙanwarsa ta kakkaɓe abin da ya rage mata, ta aiko da kalwa mudu uku, ta ce ke nan har ɗorawa ta sake yin 'ya'ya baɗi.

To, Maman Ishaya a gari ta tashi. Ta ci daddawa tun tana yarinya, amma ba ta taɓa ganin yadda ake yin ta ba. Ta tambayi tsohuwa a taƙaice, irin tambayar wanda yake ganin ya riga ya sani. Tsohuwa ta ce a dafa kalwa har ta yi laushi, a surfe ta da toka, a wanke, a sake dafawa da 'yar kanwa, a zuba a kwando a rufe da ganye da buhu, a bar ta kwana uku. Maman Ishaya ta ce a ranta, “Shi ke nan? Ai wannan ba aiki ba ne.”

Ta ɗauki mudu ɗaya, ta yi duk yadda aka faɗa, ta kai kwandon can ɗakin ajiya na bayan gida. A rana ta biyu ta buɗe ƙofa, sai wani wari ya tare ta. Ni ɗan mai daddawa ne, a cikin warin nan na girma, kuma ina gaya muku, wanda bai saba ba sai ya ce wani abu ya mutu a ɗakin. Ta toshe hanci da gefen zane, ta ɗaga buhu, ta ga kalwa ta yi yauƙi ta yi fari-fari. Ta ce, “Kash, ta ruɓe!” Ta kwashe ta kai juji tun kafin kowa ya gani.

Ta zauna ta yi tunani, ta ce lallai ƙazanta ce ta shiga. Ta wanke turmi da sabulu, ta wanke kwando ta shanya, ta ɗauki mudu na biyu. Da rana ta biyu ta zo, wari ya sake tasowa. Wannan karo ta ce ba za ta bari ta lalace a hannunta ba. Ta juye kalwa a kwarya, ta wanke ta tas da ruwan zafi har sau uku, ta baza a rana. Kalwa ta bushe ƙamas kamar tsakuwa, ba wari, ba ƙanshi, ba ɗanɗano. Mijinta ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya tauna, ya ce, “Maman Ishaya, wannan ta miya ce ko ta harbin tsuntsu?” Ta harare shi, ya ga babu wasa a fuskarta, ya kama bakinsa.

Me ya hana ta komawa ta tambayi tsohuwa, ga ta kwance a cikin gida ɗaya? Kunya ce, da ɗan girman kai. Matar da ake tambaya, yaya za ta je ta ce abu ya gagare ta har sau biyu? Kada ku dube ni haka, iyayena mata, ban ambaci sunan kowa ba. Maza ma muna da namu, mu da za mu ɓata hanya mu yi ta yawo da babur har mai ya ƙare ba mu tsaya mun tambaya ba.

Saura mudu ɗaya. Tsohuwa kuwa ta kai inda ko kunu sai an ɗaga kanta. Maman Ishaya ta tsaya a kan kalwar nan ta ƙarshe, tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji a madafa ba. Ta yi addu'a, ta hura wuta, ta dafa tun safe har yamma, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe. Ranar aka yi ruwa mai yawa, rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, dole ta ajiye kwandon a madafa kusa da murhu. Madafar kuwa bango ɗaya ne tsakaninta da ɗakin tsohuwa.

A rana ta biyu da hantsi wari ya cika gida. Maman Ishaya ta shigo madafa, hawaye suka zubo mata. Ta ce, “Na gama da ita. Ga shi kuma zan ƙara wa marar lafiya ciwo da wannan ɗoyi.” Ta sunkuya ta ɗauki kwandon, ta nufi ƙofa za ta kai juji.

Sai ta ji murya daga ɗaki, da ƙarfin da ba a ji ba tun makonni, “Wa ke taɓa kwandon nan?”

Ta tsaya cik. Ta ce, “Ni ce, Mama. Ta lalace.”

“Ajiye shi! Mayar da shi inda kika ɗauko, ki ƙara masa buhu. Kada ki bari iska ta shiga.”

“Mama, ba ki ji warin ba?”

“Shi ne ya tashe ni. Yau ta fara yi, 'yata. Gobe za ta nuna.”

Maman Ishaya ta mayar da kwandon, ta rufe shi da kyau, ta shiga ɗaki ta tarar da tsohuwa ta jingina da bango da kanta. Ta durƙusa ta faɗa mata abin da ya sami mudu biyun farko, ba ta ɓoye komai ba. Tsohuwa ta yi dariya har da tari. Ta ce, “Ashe sau biyu abincina yana zuwa bakin ƙofa kina korar shi! Haba, 'yata, ina nan kwance, da kin tambaye ni.”

Kashegari aka buɗe kwando. Kalwa ta yi duhu, ta yi laushi, tana danƙo a hannu. Maman Ishaya ta kirɓa ta a turmi, ta ɗebi kaɗan ta kaɗa miyan kuka, ta tuƙa tuwon dawa. Ta kai ɗaki ta ajiye, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Tsohuwa ta wanke hannu, ta yi godiya ga Allah, ta kai loma ta farko, ta kai ta biyu. Ba ta ɗago kai ba sai da ta suɗe kwano. Sa'an nan ta miƙo shi ta ce, “Akwai saura?” Maman Ishaya ta karɓi kwanon tana kuka tana dariya, ta ruga madafa.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, aikin Allah a rayuwar mutum yana da rana ta biyu. Kalwar ita ce abin da ka sa a hannun Ubangiji, ko ɗanka ne, ko aurenka, ko halinka da kake roƙo a canza maka. Kwandon da aka rufe shi ne lokacin jira, sa'ad da naka ya ƙare, ya rage nasa. Mu dai muna so mu ji ƙanshi tun ranar farko har ta ƙarshe. Amma sau da yawa abin da Allah yake gyarawa sai ya fara wari kafin ya yi daɗi.

Ka yi shekaru kana addu'a ɗanka ya tuba. Ranar da ya fara tuba, sai ya zauna ya faɗa maka abubuwan da ya aikata waɗanda ba ka taɓa zato ba. Ranka ya ɓaci, ka ce ashe ya fi yadda kake tsammani lalacewa, ka kore shi. To, ka zubar da shi ne a ranar da ya fara nuna. Ko mata da miji su zauna don a shirya, sai tsofaffin maganganu na shekara goma su fara fitowa, ɗaki ya ɗau zafi, ɗaya ya tashi ya ce gara da ba a fara ba. Wasunmu kuma ba ma zubarwa, wankewa muke yi. Da mun ji maganar ta fara nauyi sai mu ce, “A bar shi, ya wuce, ba komai,” mu yi murmushi, mu rera waƙa. Komai ya yi tsaf a ido, amma an bushe, ba abin da za a ci a ciki. Wannan ya fi ba ni tausayi, gama mai yin sa yana ganin alheri ya yi.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce kowane wari alheri ne. A'a. Akwai abin da ya ruɓe da gaske, zunubi ne, wurinsa juji, kuma kada ka jira kwana uku kafin ka fitar da shi. Za ka ce, to, yaya zan bambanta? Ba da hancinka kaɗai ba. Matar nan gwana ce, mai tsabta, mai ƙauna, ba mugunta ce ta sa ta zubar da kalwa ba. Abin da ya cuce ta shi ne ta amince da abin da ta sani a kan abin da ba ta taɓa yi ba, alhali wadda ta sani tana bayan bango. Allah bai bar mu haka ba. Ya ba mu Maganarsa, ya kuma ba mu dattawa a cikin ikilisiya waɗanda suka bi ta wannan hanya suka fita. Ga su nan zaune a kujerun gaba. Ba su da ƙarfin ɗaukar babbar tukunya yanzu, amma sun san abin da kai ba ka sani ba, kuma za su yi murna in ka tambaye su.

Na tabbata akwai wanda ya zo sujada yau ya riga ya yanke shawara a zuciyarsa. Ya gaji, ya ce wannan yaro ba zai gyaru ba, wannan gida ba zai zaunu ba, addu'ar nan ba ta da amfani. Ban san sunanka ba, amma Ubangiji ya sani, kuma bai gama aikinsa ba tukuna. Ka tsaya a inda kake. Kada ka ƙara taku ɗaya sai ka yi magana da wanda ya girme ka cikin bangaskiya, yau ɗin nan, kafin ka koma gida. Mai yiwuwa kwana ɗaya ne kawai ya rage maka.