Kande da Jatau a Hanyar Daji

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To, a daina tsokanar juna, ko in tashi in shige ɗaki.

Wata mata ce ana ce da ita Kande, da ƙanenta Jatau. Wata shekara fari ya cinye gonakin ƙauyensu, ko irin shuka bai rage ba. Da damina ta matso, sai suka ratsa daji zuwa wajen kawunsu a bayan duwatsu, ya ba su buhun irin gero, suka juyo. Tafiyar kwanaki ce, babu gari a hanya. Kande ta san daji, don tun tana yarinya take bin mahaifinsu ɗibar zuma. Jatau kuwa bakinsa ya fi ƙafarsa sauri.

Rana ta kusa faɗuwa, sai suka iso wani busasshen rafi, yashi fari tas. Sai Jatau ya shimfiɗa tabarma.

Ya ce, “Yaya, ga shimfiɗa Allah ya ba mu.”

Ta ce, “Tashi. Ba a kwana a cikin rafi. Dubi hadari can kan duwatsu. Ruwan da aka yi can, nan zai biyo.”

Ya ce, “Ko ɗigo bai sauka nan ba.”

Sai ta ɗauki buhu ta hau tudu. Ba ta gama haɗa wuta ba sai ta ji rugugin ruwa a cikin rafin. Sai ga Jatau a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. Tabarma ta tafi, gorar ruwansa ta tafi. Kande ta yi tsaki, ta miƙa masa zane.

Kashegari ƙishirwa ta kama su. Sai suka tarar da kududdufi, ruwan ya yi kore. Sai Jatau ya durƙusa.

Ta ce, “Tsaya! Tona rami a gefe, ruwa ya tsatso. Mu tace da zane, mu tafasa.”

Ya ce, “Yaya, ƙishirwa ba ta jiran wuta.”

Sai ya kafa kai ya sha. Kafin la'asar ciki ya murɗa. Ya shiga bayan wannan bishiya, ya fito, ya shiga bayan waccan. Kande ta dafa masa ganyen sabara tana faɗa: “Mutane na can sun gyara gona suna jiran iri, ni ina nan ina gadin cikinka!” Yini guda ya tafi a banza.

Da ya samu sauƙi suka ci gaba. Da yamma ta ce, “Zan nemo itace. In za ka hura wuta, share ciyawa tukuna, ka kewaye da duwatsu, ka nisanta buhun nan.”

Ya ce, “Wuta kuma sai an koya mini?”

Sai ya ƙyasta a tsakiyar busasshiyar ciyawa. Sai iska ta taso. Kande ta dawo ta ga wuta na lasar buhu. Ta karyo ɗanyen reshe, ta yi ta duka har ta mutu. Gindin buhu ya ƙone, hannunta ya tashi.

Gari na wayewa ta ƙulle wajen ƙunar, ta ɗora buhu a ka.

Ta ce, “Na gaji. Rafi, kududdufi, wuta! Ka zo a bayana ko kada ka zo, ruwanka.”

Sai ta wuce ita kaɗai, tana tafe tana huci, ba ta duban ƙasa. Sai ƙafarta ta zurma cikin rami da ganye ya rufe. Ƙashi ya ce ƙas. Ta yunƙura, ta kasa. Ta yi kira, daji ya yi shiru. Rana ta take, gora babu ruwa, ungulu suka fara kewaye a sama. Sai hawaye.

Ashe ƙullin da ta yi ya kwance, gero na zuba tun daga masauki. Jatau ya bi shi yana tsincewa a hula, har ya iso bakin ramin.

Ya ce, “Yaya, ashe ba a raba tafiya a daji?”

Ta ce, “Rufe mini baki ka ciro ni!”

Sai ya ciro ta. Ta nuna masa, ya ɗaure ƙafar da sanduna da ɓawon kalgo. Ya goya ta, ya ɗora buhu a ka. Tana bayansa tana cewa, “Ba nan ba, dama! Dubi ƙaya! Kai, wannan yaro!” Haka suka shigo ƙauye, ana yayyafin farko, mutane suka fito da kwanduna.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare a nan. In za ku shiga daji, ku ji maganar wanda ya san shi. Kuma kome haushin da abokin tafiya ya ba ku, kada ku bar shi a baya. Ku tashi haka nan, wutar ma ta mutu.