Farin Falle a Gwadon Gwaggo Tabawa

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da mace ke kaɗa zarenta da hannunta, wani bawan Allah masaƙi, ana ce da shi Cindo. Ba shi da gona, ba shi da jaki, sai sunansa na kirki, da shi yake ci.

Wata rana sai ga Gwaggo Tabawa da baƙin zare cikin ƙwarya, wanda ta daɗe tana kaɗinsa, ta kai marina aka rine. Ita Tabawa, ku saurara, in ta yabi tuwonka gari ya ci, in ta kushe shi ko kare ba ya sansanawa.

Ta ce, "Ɗan nan, gwado nake so, falle-falle a jere, ya rufe ni har ƙafa. In zare ya gaza, ka cike."

Ta kama hanya, ta tafi wani gari wankan jegon 'yarta. A cike da me? Ba ta faɗa ba.

Cindo ya yi ta saƙa, ya yi ta saƙa. Saura falle ɗaya, zare ya ƙare, shi kuwa farin zare kaɗai gare shi. Jatau, masaƙin da ke zama kusa da shi, ya leƙo ya ce, "Kai dai ba ka da wayo. Shafa wa farin zaren shuni mana, ya koma baƙi. Kafin wanki ya tona, ta manta hannun wa ya fito."

Cindo ya ce, "In ta manta, ni fa?"

Ya zauna yana juya abin a ransa. Ya san bakin Tabawa, ya san in ta buɗe shi a bakin rijiya, babu mai sake kawo masa ko zaren hula. Duk da haka ya saƙa fallen fari fat, ya ɗinka shi a gefe da ɗinki mai sauƙin warwarewa. Masaƙa suka yi ta dariya, wai gwado ya yi furfura.

Da Tabawa ta dawo ta warware gwado, sai ta tsuke baki.

"Wa ya ce ka sa mini fari?"

"Babu wanda ya ce, Gwaggo. Kin ce in cike, ba ki ce da me ba, ba ki kuma nan balle in tambaya. Baƙin duk naki ne, farin nawa. In kin kaɗa wani, a zare wannan a sa naki."

Ta ja fallen, ta shinshina, ta murza shi a tafin hannu ko zai bar launi. Ta dubi Jatau, wanda ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura.

Ta ce, "Bar shi haka. Ni ce na yi rabin magana."

Ta yafa abinta ta bi gari gida-gida, duk wadda ta tambayi farin, sai ta samu labari har da gishiri. Kafin damina, zaren mata ya yi wa Cindo yawa.

To, ku da ke zaune nan, mai ba da aiki ya ƙarasa maganarsa. Wanda kuma aka bar wa giɓi, ya cike da abin da ido zai gane ciko ne. Har labarin maƙwabta da kuke kawowa da guntunsa, in kun ƙara naku, ku ce, "Daga nan nawa ne." Allah na son mai gaskiya, kuma ba Ya barinsa da yunwa.