Barmani da Ƙwari Masu Dogon Baki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Wata mata ce, sunanta Barmani, tana da bishiyoyin kwakwar manja a bayan gari. Da su take ciyar da 'ya'yanta. Ran nan ta tarar furen ya yi baƙi da ƙananan ƙwari masu dogon baki, suna ta ci.

Sai Ƙadangare ya gyaɗa kai ya ce, "Barmani, ɓarayi ne. Girgizo min su, zan yi miki maganinsu."

Sai ta girgiza. Ƙwarin suka zubo, suka naɗe ƙafafu, suka yi lamo kamar matattu. Ƙadangare ba ya cin mushe, sai ya wuce. Yana ba da baya suka tashi fir, suka koma.

Kashegari ta watsa musu toka. Sai suka shige can cikin fure har iska ta kwashe tokar.

Rana ta uku Ƙadangare ya ce, "Sare furen da suke taruwa a ciki, ki ƙone." Sai ta sare, ta cinna wuta. Masu gudu kuwa Ƙadangare ya bi su yana lashewa.

Wata ya bi wata, kwakwa ta ƙi 'ya'ya. Tukunyar manja ta bushe, yara suka fara ramewa. Barmani ta zauna gindin bishiya tana kuka. Sai ga wata tsohuwar ƙwaro ta sauka a gwiwarta.

Ta ce, "Baiwar Allah, kwakwa fure biyu take yi, namiji da mace. Namijin da kika ƙone, gidanmu ne. Garin da ke jikinsa muke ci, cikinsa muke ƙwai, in ya yi yaushi tsutsotsinmu su cinye. Macen kuwa ba ta ba mu komai. Ƙamshin namijin take ara ta kira mu. Mu shiga buɗu-buɗu da gari, mu ga wayam, mu fito. Garin da muka zubar, shi ke zama 'ya'ya."

Barmani ta riƙe baki. "Ashe yaudararku take yi?"

"Kullum. Mu kuma kullum sai mun koma."

"Ku yafe ni. Akwai sauranku?"

"'Yan kaɗan, a wata kwakwa bakin rafi. Ki bar mana sabon fure, za mu zo."

Da namijin fure ya fito, Barmani ta ɗauki kara ta yi gadinsa. Ƙadangare ya leƙo, ta make shi, ya tsere. Ƙwari suka dawo, suka hayayyafa. Shekara ba ta zagayo ba, kwakwa ta yi nauyin da sai mutum biyu ke ɗaga dunƙulen 'ya'yanta ɗaya. Yara suka sha miya ja wur har haɓa.

Shi ya sa, kafin ka kori mai ci a gonarka, ka duba aikin da yake yi maka.

Ƙurunƙus! Ta ƙare, kowa ya kama gabansa.