Barnaba da Shinkafar Hayin Kogi

Akwai wani mutum mai suna Barnaba, ma'aikaci ne a gonar wani dattijo da ake kira Baba Gayus. Gonar shinkafa ce babba, a fadamar da take hayin kogi. Gidan Baba Gayus yana cikin gari, gonar kuwa da bukkokin ma'aikata suna ƙetare, sai an shiga kwalekwale ake isa can.

Shekara goma sha huɗu Barnaba ya yi a wannan gona. Ba kusurwar da ƙafarsa ba ta taka ba. Ya san inda ruwa yake kwanciya, ya san inda yake saurin tsanewa. In ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu, zai gaya maka ko ta ƙoshi ko da saura. Shi ne farkon fita, shi ne ƙarshen komawa, ba a kuma taɓa samunsa da rashin gaskiya ba.

Amma akwai abu guda da Barnaba ba ya yi. Ba ya yanke shawara. Ko ƙotar fartanya ce ta tsage, sai ya jira maigona ya zo ya ce a sāke ta. In abokan aiki suka ce, "Barnaba, yau ta ina za mu fara?" amsarsa ɗaya ce kullum: "Sai abin da Baba ya ce."

Abin kuwa yana da asali. Sa'ad da yake saurayi a gidan kawunsa, ya taɓa ganin ruwan fari ya sauka da ƙarfi, sai ya ɗauki iri ya shuka gona guda ba tare da ya tambayi kowa ba. Ruwa ya ɗauke har mako uku, shukar ta ƙone. Kawun nasa ya tsayar da shi a gaban mutanen gida duka, ya ce, "Wa ya aike ka?" Tun daga ranar Barnaba ya ƙudura a ransa ba za a ƙara yi masa wannan tambaya ba har abada.

Da Baba Gayus ya fara jin nauyin shekaru, ya nemi wakili wanda zai riƙe masa gonar, sai ya tsallake Barnaba ya naɗa wani mai suna Kefas, wanda ya zo bayansa da shekara shida. Afiniki, matar Barnaba, ta ji zafin abin.

Ta ce, "Baban Lami, kai fa ka koya wa Kefas riƙon lauje."

Ya ce, "Wakilci kaya ne. Wanda ya ce a yi, shi ake nema in abu ya lalace. Ni a bar ni da fartanyata. Ai tawali'u ya fi."

Ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗenta.

Bayan 'yan shekaru Kefas ya koma garinsu don ya riƙe gonar mahaifinsa, wurin wakili ya zama ba kowa. Baba Gayus bai naɗa wani ba. Da kansa yake ƙetarowa kowace safiya, da sandarsa, yana ɗingishi.

A ƙarshen daminar wannan shekara shinkafa ta yi kyau ƙwarai. Kawunanta sun sunkuya, sun fara ja, saura kamar kwana goma a sa lauje. Sai wata safiya Barnaba ya sauka bakin kogi, ya tarar ruwan ya sāke kama. Ya yi jawur, yana tafe da kumfa da rassan itatuwa, alamar an yi ruwa mai yawa a kan duwatsu can sama. Ya ga tururuwa sun yi layi suna hawa tudu ɗauke da ƙwayayensu. Mai fito kuwa ya riga ya ja kwalekwalensa ya ɗaure a gindin wata bishiya.

Mai fiton ya ce, "Yau ba fito, gobe ma ban sani ba. Ko da wa za a ɗauko, ba zan shiga wannan ruwa ba."

Ma'aikata takwas, maza da mata, suka taru kewaye da Barnaba, gama shi ne babbansu. Suka ce, "Ruwa yana zuwa. Mu yanka ne, ko mu jira?"

Barnaba ya san amsar. Ya san ta tun sa'ad da ya ga launin ruwan. Amma da ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Bari mu ji daga Baba tukuna."

Ya je ya zauna a kan wani kututture a bakin kogi, yana duban rufin gidajen gari daga nesa, ko ruwan zai sassauta. Rana ta take, ruwa bai sassauta ba. Ma'aikatan suka wasa laujensu, suka zauna a inuwa suna jira. Da la'asar ruwa ya fara shiga gonar kwari, wadda take can ƙasa kusa da kogi. Ba da ƙarfi ya shiga ba, a hankali yake bin tsakanin shukar. Kashegari da safe, gonar kwari ta nutse gaba ɗaya, sai ɗan kan shinkafa nan da can yana lilo a bisa ruwa.

Afiniki ta kawo masa kunu a bakin kogin. Ta ajiye kwanon, ta tsuguna kusa da shi.

Ta ce, "Baban Lami, da gonarka ce, me za ka yi?"

Ya ce, "Da tun jiya na sa lauje."

"To, ashe ka sani."

"Na sani. Amma ba tawa ba ce. In na yanke ta ɗanya, ruwa kuma ya tsaya, me zan gaya wa Baba?"

Ta ce, "In kuma ka bar ruwa ya cinye saura, me za ka gaya masa?"

Barnaba ya juya ya dubi gonar kwari. Nan ya gane abin da bai taɓa ganewa ba. Jiya yana tsammani bai zaɓi kome ba, ashe ya zaɓa. Zaman da ya yi a kan kututturen nan shi ne shawararsa, ga kuma abin da ta haifa yana kwance ƙarƙashin ruwa.

Ya sunkuyar da kai ya yi addu'a gajeriya. Ya ce, "Ya Ubangiji, ban san inda ruwan nan zai tsaya ba, kai ka sani. Ka ba ni ƙarfin zuciya in yi abin da na gani." Sa'an nan ya tashi, bai ko taɓa kunun ba.

Da ya isa wurin ma'aikata, ya ce, "Ku ɗauki lauje. Za mu fara da gonar tsakiya, daga gefen kogi. Mata su kwashe dammuna zuwa tudu."

Wata tsohuwa a cikinsu ta ciro kan shinkafa guda, ta matsa ƙwayar da farce, ta nuna masa. Ta ce, "Ɗana, duba, da sauran ruwa a cikinta. Baba ya sani kuwa?"

Ya ce, "Bai sani ba, Mama. Ni na ce. In akwai faɗa, ni za a yi wa."

Bai taɓa jin waɗannan kalmomi sun fita daga bakinsa ba. Ya yi mamaki da ya ga ba wanda ya yi gardama. Kamar dā ma abin da suke jira ke nan.

Kwana biyu suka yi a gonar tsakiya, ruwa yana biye da diddigensu. Inda suka yanka da safe, kafin yamma ya zama tafki. A rana ta uku saura gonar tudu kaɗai. Barnaba ya tsaya ya yi ta duban ruwan. Yana hawa har yanzu, amma ba da saurin dā ba. Ya auna a ransa, ya ce, "A yanke ta ita ma." Suka yanke. Ruwa ya zo har bakin gonar tudu, ya tsaya, bai shiga ba. Da aka shanya shinkafar tudun, wata ta yanƙwane, gama ba ta gama nuna ba. Da an bar ta, da ta fi kowace kyau.

A rana ta shida kogi ya sauka, Baba Gayus ya ƙetaro. Ya bi gonar a hankali da sandarsa. Ya tsaya a kwari inda shinkafa ta ruɓe cikin laka. Ya wuce tsakiya. Ya hau tudu, ya sa hannu cikin tarin dammuna. Barnaba yana biye da shi.

A ƙarshe Barnaba ya durƙusa ya ce, "Baba, na yi kuskure. Na sa an yanke ta tudu ba ta nuna ba, ruwa kuma bai kai can ba."

Dattijon ya ce, "Tashi. Ta tudu ba ta dame ni ba. Da ina nan, watakila in yanka, watakila in bari. Wa ya san inda ruwa zai tsaya? Ta kwari nake tambaya."

Barnaba ya ce, "Na zauna ina jiranka."

"Na gan ka. Ina tsaye a wancan gefe tun safe, ina ɗaga sanda, ina kira har muryata ta dushe, ƙarar ruwa ta hana ka ji." Ya zauna a kan wani dami, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. "Barnaba, bari in gaya maka wani abu. Shekara goma sha huɗu kana zuwa kana tambayata abin da za a yi. Ka taɓa lura da yadda nake amsa maka? Nakan ce, 'Kai me ka gani?' Ka faɗa. Sai in ɗan yi shiru, in maimaita maka maganarka, ka tafi da murna cewa Baba ya ce. Rabin abin da ake yi a gonar nan shawararka ce, sunana kawai take ɗauke da shi."



Baba Gayus ya ce, "Ƙafata ba za ta ƙara jure kwalekwale kowace safiya ba. Tun tafiyar Kefas nake jiran ranar da zan ji ka ce, 'Ni na ce.' An gaya mini ka faɗa. Daga yau kai ne wakilin gonar nan."

Ya ce, "Baba, ina jin tsoro."

"Ni ma ina ji, kowace damina. Shekarar da na sayi fadamar nan na shuka irin da bai dace da ita ba, ban ga ko dami ashirin ba. Ba wanda yake riƙe gona bai taɓa yin asara da hannunsa ba. Yanzu gaya mini, kwarin nan da ruwa ya bar wa laka, me za a yi da shi?"

Barnaba ya buɗe baki zai ce sai abin da Baba ya ce, sai ya kama kansa. Ya dubi lakar, baƙa wuluk, mai taushi. Ya ce, "Albasa. In ta ɗan tsane, a yi fangali a dasa albasa."

Dattijon ya ce, "To, je ka faɗa musu."

Ya kuwa je. Ya riƙe gonar shekaru masu yawa. Wata shekara ya yi daidai, wata shekara ya yi kuskure ya zo ya faɗa da bakinsa, gonar kuwa ta yi ta yalwata a hannunsa.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Gonar ita ce aikin da Allah ya sa a hannun kowannenmu: aji ga malama, ɗakin marasa lafiya ga mai jinya, shagon ɗinki, ofis, ko wata hidima a cikin ikkilisiya. Kogin da ya cika shi ne ranar da ba wanda za ka tambaya, abin kuma ba zai jira ba. Irin wannan rana tana zuwa ga kowane ma'aikaci.

Barnaba ba rago ba ne, ba kuma jahili ba ne. Tsoro ne ya riƙe shi, shi kuwa ya raɗa wa tsoron suna tawali'u. Da yawa a cikinmu haka muke. Mun san aikinmu, amma domin wani ya taɓa kunyata mu, mun ɓuya a bayan "sai abin da shugaba ya ce." Muna ganin na bayanmu suna wuce mu, muna cewa ba a yi mana adalci ba. Amma shugaba ba zai iya danƙa wa mutum babban aiki ba, in kowane ƙaramin abu sai ya komo masa da shi.

Kada wani ya ji wannan ya ce an koya masa raina na gaba, ko yin gaggawa. In akwai lokacin neman shawara, a nema. In abin ba huruminka ba ne, ka kai shi inda ya dace. Amma in yana hannunka, ka duba da kyau, ka yi addu'a, ka zaɓa, sa'an nan ka tsaya a kan zaɓinka. In ya ɓaci, kada ka ɗora wa wani, ka ce, "Ni ne," ka gyara. Ku lura maigona bai yi ɓacin rai a kan shinkafar da aka yanka da kuskure ba, gama ita an ci ta. Wadda aka zauna ana kallo ce ba a sami ko ƙwaya ɗaya ba.

Allah bai ba mu hankali da sanin aiki domin mu ajiye su muna jiran tabbacin da ba zai zo ba. Yanzu kowa ya tambayi zuciyarsa: wane abu ne a wurin aikina na san yadda ya kamata a yi shi, na kuwa yi makonni ina ɗaga shi? Ka kira shi da sunansa a gaban Ubangiji yau. Gobe Litinin ce. In ka isa wurin aiki, ka fara da shi.