Gurbin da Ke Wayam a Kwamfutar Tanimu

An yi wani mutum a wani gari, garin da ba zan ambata ba, domin cikinku akwai masu dangi a can. Ba zamanin kakanni ba ne, amma da ɗan nisa, lokacin da allon kwamfuta ke da ƙatuwar ƙeya kamar tulu. Mu kira shi Tanimu. Gyaran hoto ne sana'arsa, shagonsa na bakin kasuwa, tsakanin mai wankin hula da mai man ja.

To wannan bawan Allah, wata shekara sai magana ta tashi a kansa. A gidan suna aka fara gaya mini, aka ƙara a gidan biki. Wai kwamfutar shagon Mati ta mutu murus, aka kai wa Tanimu, ya buɗe cikinta ya yi mata tofi, ta tashi. Wai kuma tun daga ranar, kwamfutar Tanimu ta kwanta ciwo, domin ya ɗauke cutar ya mayar kan kayansa. Har wata ta ce mini za ta kai masa tsohuwar rediyonta ko a dace.

Ku saurara, 'yan'uwa. Ni na yi imani da addu'a, da ita nake kwana, da ita nake tashi. Amma na koyar da lissafi har kaina ya yi furfura, ban taɓa ganin cuta ta bar wani ƙarfe ta koma wani ƙarfe ba sai da hannun mutum a tsakani. Na ce sai idona ya gane mini.

Bari ku san Mati tukuna. Shi da Tanimu wurin ubangida ɗaya suka koyi sana'a, suka buɗe shago kowa nasa, aka yi ta goyayya. Mati mai baki ne, Hawainiya yake kiran Tanimu, ko a masallaci. Daga baya ciwon ido ya kama shi, ganinsa ya yi ta raguwa har ya tafi duka. Mai hoto ba ido, ku duba wannan jarrabawa. Sai matarsa Lantana ta zauna gaban kwamfutar, yana gaya mata da baki tana yi da hannu, har ta ƙware. Da wannan suke ci su da 'ya'yansu. Ido ya tafi, amma girman kai na nan daram. An taɓa aika masa buhun shinkafa, ya sa aka mayar kafin a sauke shi daga baro. Balle abin da ya fito daga hannun Tanimu, ko gishiri ne ba zai lasa ba.

A shekarar nan makarantarmu ta Islamiyya za ta yi saukar Alƙur'ani, ni aka ɗora wa zancen hotuna. Tanimu ya ɗauki kowace ɗaliba da allonta, saura gyara: a cire inuwa, a daidaita haske, a sauya bangon baya, a haɗa kalandar da za a raba ranar walima. Wannan aikin shi ke riƙe shagonsa duk shekara, kuma duk wanda ya yi wa makarantarmu, sauran makarantu wurinsa suke bi. Walima ta matso, hotuna shiru. Na ɗauki mayafina na tafi.

Na same shi zaune ya zuba wa allo ido, hannunsa bisa gwiwa. Ɗalibina ne a firamare, don haka ya miƙe ya ba ni kujerarsa.

“Malama, da kin aiko ai da na zo.”

“Da na aika da ka ce gobe. Ina hotunana?”

“Ga su nan suna tafe.”

“A ƙasa suke tahowa, ko bisa jaki?”

Ya yi murmushi, ya danna hoton wata yarinya. Muka jira. Fuskar ta fito daga sama, goshi tukuna, sannan ido, kamar ana sauke labule. Ya ja hannu zai goge inuwa, sai komai ya sandare. Mai man ja ya leƙo ya ce, “Hajiya, ki aika a kawo miki abincin rana,” ya koma yana dariya.

Na ce, “Tanimu, bara ba haka take ba. Bara kafin in gyara zama ka gama hoto. Me ya same ta?”

Ya ce, “Wurin shanya ne ya yi mata kaɗan.”

Na ce ya yi mini bayani kamar yadda na yi masa raba-dai-dai yana yaro. Sai ya ce kwamfuta tana da rumbu, inda hotuna ke kwana. Tana kuma da tabarma, inda take baza abin da take aiki a kansa, ita ake kira ram. Wasiƙa ba ta cin wuri, amma hoto hatsi ne mai yawa, kuma duk gyaran da ka yi wani kwano ne ka ƙara zubawa. Idan tabarma ta cika, sai ta riƙa kwashe wani ta kai rumbu, ta ɗebo wani, ta koma, ta dawo. Wannan kai da kawowar ita muke zaune muna jira.

“To ka sayi babbar tabarma mana.”

“Ba kowace ke shiga ba, Malama. Kowane zamani da irin bakinsa. Sabbin da ke kasuwa yanzu tsagarsu ba ta dace da gurbin tawa ba, ko da guduma aka buga. Irin nata kuwa an daina kawowa. Na daɗe ina cigiya kafin in samu biyu iri ɗaya, gudu ɗaya, girma ɗaya. Tagwaye ake so, don tare suke jan aiki kamar shanun huɗa.”

“Biyu ka samu?”

Ya kau da kai. Kun san yaron da ya faɗi amsa sannan ya gane bai kamata ya faɗa ba? Shi ne.

Na ce, “Buɗe in gani.”

“Ƙura ce a ciki, za ta ɓata miki mayafi.”

“Na ga ƙurar alli shekara da shekaru. Buɗe.”

Ya kwance murfin gefe. Ya nuna mini wasu gurabe biyu dogaye, gefe da gefe. A ɗaya akwai wani ɗan kore siriri kamar matajin kai, da ɗigon shuɗin fenti a kusurwarsa, irin ɗigon da Tanimu ke yi wa almakashinsa da duk kayan aikinsa don kada su ɓace. Ɗaya gurbin wayam.

“Ina ɗan'uwansa?”

“Yana aiki.”

“A ina?”

“Inda ake buƙatarsa, Malama.”

Ban ƙara tambaya ba. Na ratsa kasuwa na nufi shagon Mati. Yana zaune bakin ƙofa da sandarsa, tun kafin in yi sallama ya ce, “Wannan takun na Hajiya Malama ne. Daga wurin Hawainiya kike, na ji warin man ja.”

“Daga can nake. An ce ya yi wa kwamfutarku tofi.”

“Tofin me? Ƙura ya hure, abin da yaro ma zai yi. Mata ne suka mayar da shi waliyyi.”

Lantana na ciki, ta ce in shigo. Na tambaye ta abin da ta gani da idonta. Ta ce ranar da abin ya faru kwamfutar ƙara kawai take yi, ƙit, ƙit, allo baƙi ƙirin, ga hotunan bikin mutane a ciki. Ta naɗe ta a zani ta kai wa Tanimu, ba tare da maigidan ya sani ba sai daga baya.

“Kin shiga shagon?”

“Haba Malama, da aurena? Shi kaɗai ne a ciki. A bakin ƙofa na tsaya. Bayansa kawai nake gani. Na ji ya yi bisimilla, ya sunkuya yana hurawa, ya juya wajen tasa ya dawo, ya sake hurawa. Sai ga ta ta kawo haske.”

“Me ya ce ya same ta?”

“Na tambaya. Cewa ya yi, abin da ya same ta ya wuce. Na ce nawa ne, ya ce iskar baki ba a sayar da ita.”

Kun ji inda tofi ya samo asali. Kunya ta tsayar da ita a ƙofa, ta ga baya ba ta ga hannu ba. Ku lura kuma, bai yi mata ƙarya ba. Iska ya ce ba a sayarwa, kuma ba a sayarwa.

Murfin tasu a jingine yake saboda zafi. Na ce bari in ga inda albarkar ta sauka. Na gyara tabarau na leƙa. Ga ɗan kore siriri, ga ɗigon shuɗi a kusurwa.

Na koma wurin Tanimu na ce, “Na ga ɗan'uwansa.”

Ya dubi ƙofa, ya rage murya. “Nasu ɗaya ne tak, kuma ya ƙone. In ba wannan ba, ba su da aiki.”

“Kai fa? Walima ta ƙarato. Ka karɓo shi na 'yan kwanaki, ka gama namu, ka mayar.”

“In na karɓo, tasu ta mutu. In ta mutu, Mati zai tambaya. Makaho ne, ba wawa ba. Ran da ya san daga ina ne, da hannunsa zai lalubo shi ya cire ya jefo mini, ko da za su kwana da yunwa.”

“To hotunana?”

Ya zare filashi daga jikin kwamfutar, ya sa a tafin hannuna. “Ki kai wa Lantana. Tata zamaninsu ɗaya da tawa amma ta fi ta ƙarfi, da guda ɗayan ma tana gudu. Hannunta kuma ya fi nawa laushi a kan fuska. Za ta gama kafin ranar.”

“Ka san in ta yi bana, baɗi ba za a zo wurinka ba.”

“Na sani.”

“Mutumin da ke kiranka Hawainiya.”

Sai ya yi dariya. “Ai yanzu gaskiyarsa ce, Malama.” Sannan ya ce, “Ranar da na fara zuwa koyon aiki, shi ya nuna mini yadda ake riƙe kyamara kada hannu ya yi rawa. Ya manta. Ina roƙonki, kada ki faɗa.”

Na kai aikin. Mati ya buga sanda a ƙasa don murna ya ce, “Na faɗa miki tun tuni, Hajiya, aiki sai gidan Mati.” Na ce haka ne. Kalanda ta fito kyakkyawa, aka raba ranar walima, sunan shagon Mati a ƙasanta.

Yanzu na ga wasunku sun gyara zama, kuna jiran in ce wani attajiri ya tsaya da mota ya ba Tanimu sabuwar kwamfuta. Haka ake ƙare irin wannan labari, na sani, ni ma an ba ni su ina yarinya. To attajiri bai zo ba. Makarantu suka koma wurin Lantana. Tanimu ya ci gaba da ƙananan ayyuka, hoton fasfo, tsohon hoton da ruwa ya taɓa, yana zaune yana jiran fuska ta sauko daga goshi. Na taɓa tambayarsa me yake yi da duk wannan jiran. Ya ce, “Salati.” Ladansa yana wurin Wanda ba ya mantuwa. Ni dai ban ga an biya shi a kasuwa ba, kuma ba zan ƙara wa labari abin da ban gani ba.

Na riƙe alkawari har Mati ya rasu, Tanimu ma ya bi shi, Allah ya ji ƙansu. Sannan na gaya wa Lantana. Ta ce, “Ashe shi ya sa ya juya mini baya.” Ita ta ba ni izinin faɗa muku.

To 'yan'uwa, ga abin da nake so ku ɗauka. Muna son karama, muna yawo nemanta a tofi da hayaƙi, domin in karama ce ba ruwanmu, ta waliyyai ce. Amma in aka ce mutum ne ya raba abin da yake da shi biyu, ya ba da rabi, ya zauna da ɗingishi, to wannan kowa na iyawa, shi ya sa ba ma son jin sa. Ba wadda ke zaune a nan da ba ta da tagwayen wani abu: tukunya biyu, zani biyu, 'yan awoyin da ba ta komai da su. Kuma kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya tafi da kansa a ɗage. Kun sha ji cewa hannun dama ya bayar, na hagu kada ya sani. Mu a yau na dama na miƙa kwano, na hagu na riƙe da waya yana ɗaukar hoto. Ku duba maƙwabciyar da ba za ta taɓa roƙo ba, ku nemo hanyar da za ku ba ta ba tare da ta sunkuyar da kai ba. In sai kun juya mata baya, ku juya.

Wadda kuma ta sake jin ana zancen tofi, ga abin da ya faru. Ram biyu ne a kwamfutar Tanimu. Ya cire ɗaya ya sa a ta Mati, ya hure ƙura, ya rufe. Bai karɓo shi ba har ya mutu.