Gafiya da Ƙofar Gudu

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana.

Ta zo mu ji ta, Inna!

Kun san ramin gafiya ƙofa biyu gare shi, ta shiga da ta gudu. To, wata Gafiya ce mai 'ya'ya huɗu, kaka ta yi mata kyau. Ta tara gyaɗa har ɗaki ya cika, ta cusa sauran a ƙofar gudu, ta toshe ta.

Maƙwabciyarta Bushiya ta leƙo ta ce, "Yaya Gafiya, ciyawa ta bushe, mafarauta sun fara sa wa daji wuta. Ki buɗe ƙofar nan."

Gafiya ta ce, "Baƙin ciki kike, uwar ƙaya. Allah ne mai tsarewa."

"Shi ne kuwa. Shi ne ma Ya ba ki farcen tono."

Ran nan da hantsi wuta ta tashi, hayaki ya turnuƙe ƙofar shiga. Gafiya ta kwashi yara ta nufi baya, sai ta ci karo da gyaɗa cunkus.

"Innalillahi! Ni na yi wannan da hannuna?"

Tana tono, gyaɗa na zubo mata, yara na tari. Can sai haske ya ɓullo. Ashe Bushiya ce ke tonowa daga waje, ƙayarta duk ta babbake.

Suka faɗo waje. Gafiya ta duba yara: uku.

"Bushiya, ina Auta?"

Bushiya ta juya ta leƙa ƙofar gudu. Ba abin da ke fitowa daga ramin sai ƙamshin gasasshiyar gyaɗa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan ta tsaya. Allah Ya tsare mu.