Kan da Ya Fi na Sarki Tsawo

An yi wani sarki a Farisa, Firuzan, gajere kamar turmi, ga baƙar zuciya. Ya buga doka da hatiminsa: duk wanda kansa ya ɗara na sarki tsawo a gabansa, a sare kan. A Farisa kuwa doka in ta sha hatimi, ko sarki bai isa ya janye ta ba.

Ran nan ya bi ta wata gona, kowa ya zube, sai wani mai hawan dabino, Mardan, da ke can ƙololuwa. Aka sauko da shi.

Sarki ya ce, "Kai, ka san doka?"

"Na sani, ranka ya daɗe. A sare. Amma in an sare, ina za a kai shi?"

Hauni mai sare kai ya ce, "Bisa ƙofar gari za a kafa shi, dokar kakan sarki ce."

"Ƙofar da sarki ke bi ta ƙarƙashinta kullum? Ashe kaina zai yi ta kallon tsakar rawaninka safe da yamma. Ran nan me za ku sare?"

Sarki ya daka tsawa, "A binne kan!"

"Dokar kakanka ba ta da hatimi ne?"

Sarki ya ce, "To, ɗan banza, ina zan sa wannan kai naka?"

"Bar shi a wuyana, ranka ya daɗe. Nan kaɗai yake iya sunkuya maka."